MAKARI A BAKIN ƘOFA: YADDA JIKI KE TARE ƘWAYAR CUTAR ƘANJAMAU



Asalin wannan lacca wata tambaya ce da wani ma'aikacin lafiya ya yi mini a can wajen Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, a kudancin jihar nan tamu ta Sakkwato. Cikin ayyukansa akwai yi wa mata masu juna biyu gwajin jini in sun zo awo. Ya ce mini, "Malam, an koya mana cewa ɗan tsinken nan da muke ɗiga wa jini ba ƙwayar cutar ita kanta yake gani ba, makarin da jiki ya haɗa don yaƙi da ita yake gani. To, in har jiki ya haɗa makari, don me mutum bai warke ba? Ga ƙyanda nan, in yaro ya yi ta sau ɗaya ya rabu da ita ke nan." Na ba shi amsa a tsaitsaye, ya yi godiya, amma ni kaina na san ban biya shi ba. Tambayar nan tasa ita ce masana suka shafe shekara 40 suna fama da ita, kuma yau nake so in biya bashin a gabanku.

Bari mu fara da makarin. Abin da likitoci ke kira antibodi, ni zan kira shi makari, domin kalma ce da kowane Bahaushe ya sani, watau abin da ke karya dafi ko sammu. Wasu ƙwayoyin halitta ne na cikin jini, waɗanda ake yi wa laƙabi da harafin B, suke ƙera shi. Siffarsa kuwa kamar gwafa take, sanda guda mai baki biyu, kuma kowane baki an sassaƙa shi ne daidai da abu ɗaya tak, kamar yadda ake yanka mabuɗi daidai da kwaɗonsa. Makarin ƙyanda ba ya kama shan inna, na shan inna ba ya kama ƙyanda. Tun a 1890 Emil von Behring na Jamus da Shibasaburo Kitasato na Japan suka nuna cewa in aka ɗebi ruwan jinin dabbar da ta jure wa wani dafi aka sa wa wata dabba, ita ma sai ta jure. Manoman ƙasar nan suna cin moriyar wannan ilmi ko da ba su san sunan mutanen ba. Allurar da ake yi wa wanda kububuwa ta sara makari ne da aka tatsa daga jinin tumaki ko dawaki, bayan an riƙa sa musu dafin kaɗan kaɗan har jikinsu ya koyi karya shi. Ku riƙe wannan misali, za mu komo kansa: mutum yana iya haɗa makarinsa da kansa, yana kuma iya karɓar na aro.

Sai ita ƙwayar cutar. A watan Yuni na 1981 aka fara ba da labarin wata baƙuwar cuta ga samari biyar a birnin Los Angeles na Amurka. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, a cibiyar Pasteur ta birnin Faris, suka ware ƙwayar da ke haddasa ta, wadda daga baya aka sa wa suna HIV. A 1986 aka fara ba da rahotonta a Nijeriya. Ƙanƙantarta ta kai a jera 10,000 kafin su cika milimita ɗaya. In kuna son ku ƙiyasta kamanninta, ku tuna da ƙarangiya: ɗan ƙwallo ne mai ƙayoyi. Ƙwallon an lulluɓe shi da wata fata wadda ƙwayar ta sato daga jikin mutumin da take ciki, saboda haka jiki ba ya ganin fatar a matsayin baƙuwa. Abin da ke leƙowa waje wanda nata ne na kanta, ƙayoyin ne kaɗai. Shi ya sa duk maganar makari a kansu take ƙarewa.

Kowace ƙaya an gina ta da furotin iri biyu. Na sama, watau kan ƙayar, ana kiransa gp120; na ƙasa, watau ƙotar da ta kafe cikin fata, ana kiransa gp41. Uku uku suke haɗuwa, kai uku bisa ƙota uku, kamar duwatsun murhu. Aikin ƙaya shi ne buɗe ƙofa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a jikinmu waɗanda su ne sarakunan yaƙi, su ke ba sauran dakaru umurni, kuma a bayansu akwai wata alama da ake kira CD4, lambar nan da masu karɓar magani suka saba ji a asibiti. Tun a 1984 aka gano cewa wannan alama ita ce kwaɗon da gp120 ke nema. Da ya kama ta sai kan ƙayar ya buɗe, ya fito da wani sashe da ke ɓoye, wanda shi kuma zai kama kwaɗo na biyu, CCR5 ko CXCR4, waɗanda aka gano a 1996. Sa'an nan gp41 ya miƙe kamar mashi, ya soki fatar ƙwayar halittar, ya lanƙwashe, ya jawo fatun biyu su haɗe su zama ɗaya. Shi ke nan, ɓarawo ya shiga gari. In ya shiga kuwa sai ya rubuta kansa cikin littafin gadon ƙwayar halittar, ya zauna har ƙarshen ranta.

To, yanzu ma'anar makari mai dakushewa ta fito. Shi ne wanda ya kama ƙayar a wurin da zai hana ta ɗayan waɗannan ayyuka: ko ya toshe inda take kama CD4, ko ya ɗaure kawunan uku su kasa buɗewa, ko ya riƙe mashin kafin ya lanƙwashe. Ƙwayar da aka yi wa haka tana nan da ranta, in ma ana iya cewa tana da rai, amma ta zama ƙarangiyar da aka ƙone wa ƙaya, ba ta maƙale wa kowa, kuma ba da daɗewa ba jiki zai share ta. Wannan ita ce hanyar da yawancin alluran riga-kafi suke kāre mu. Me ya hana ta aiki a nan?

Amsa ta farko ita ce yawancin makarin da jiki ke haɗawa ba mai dakushewa ba ne. Ƙayar HIV ba ta da ƙwari, takan wargaje, kawuna su zube cikin jini, ƙotoci su saura a tsaye. Jiki ya ga waɗannan tarkace ya yi ta ƙera musu makari tuli, cikin 'yan makonni da kamuwa, alhali kuwa sassan da yake kamawa a ɓoye suke cikin cikakkiyar ƙaya mai aiki. Kamar dogarai ne suka taru a kan rigar da ɓarawo ya yar, shi kuwa yana cikin rumbu. Wannan makari na tarkace shi ne tsinken gwaji ke gani. Shaida ce cewa ƙwayar ta shiga, ba ya nufin an ci ta da yaƙi.

Amsa ta biyu ta fi ban mamaki. Waɗanda suka taɓa ganin hawan salla sun san lifidi, rigar audugar nan mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa don kada kibiya ta ratsa. Ƙayar HIV tana da nata lifidin, na sukari. Kusan rabin nauyin gp120 wasu rassan sukari ne da suka yi masa rumfa, kuma ba ƙwayar ce ta ƙera su ba, ma'aikatar jikin mutumin ce ta ɗora mata su, irin waɗanda take ɗora wa nata furotin. Jiki kuwa an hore shi tun yana ciki kada ya yaƙi abin da yake nasa. Bugu da ƙari, ƙayoyin ba su da yawa. Ƙwayar mura tana ɗauke da ɗaruruwa, amma HIV goma da 'yan kai ne gare ta, a warwatse. Gwafa tana riƙo da ƙarfi ne in bakinta biyu suka kama, a nan kuwa tazarar ta yi yawa, sai dai ta kama da baki ɗaya.

Amsa ta uku ita ce hawainiya. HIV ba ta iya kwafi ba, kuma rashin iyawar nan shi ne ƙarfinta. Littafin gadonta haruffa ne wajen 9,700, kuma a ƙiyasi kusan kwafi ɗaya cikin kowane uku yakan fito da kuskure. A jikin mutumin da ba ya shan magani ana iya ƙyanƙyashe sababbin ƙwayoyi har biliyan 10 a yini guda. Bayan wata uku ko fiye da kamuwa, jiki yakan samu makari mai dakushewa na gaske, wanda ya dace da ƙayar da ta shigo. Amma kafin ya yawaita, wasu daga cikin jikokin ƙwayar sun riga sun sake kama, sun matsar da reshen sukari ɗaya daga nan zuwa can, su ne za su tsira su cika jini. Jiki ya sake ƙera wani, su sake sauyawa. A 2003 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka suka bi diddigin wannan tsere wata bayan wata, suka ga cewa jinin mutum na yau yana dakushe ƙwayarsa ta watannin baya, amma ba ya iya ta yau. Ihu bayan hari ke nan, kullum, shekara da shekaru. Ƙyanda ba ta da wannan dabara: ƙayarta ba ta jure sauyi, shi ya sa allurar da aka haɗa tun 1963 take aiki har yau.

Rashin sanin waɗannan abubuwa ya sa aka yi gaggawar alkawari. A watan Afrilu na 1984 sakatariyar lafiya ta Amurka, Margaret Heckler, ta faɗa wa 'yan jarida cewa ana sa ran samun allurar riga-kafi da za a fara gwadawa cikin shekara biyu. Hikimar da aka bi mai sauƙi ce: a ƙera gp120 shi kaɗai a sa wa mutane. An yi haka, jikinsu ya haɗa makari, amma na tarkace, kuma a 2003 sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu ya nuna allurar ba ta kāre kowa ba. A 2009 wani gwaji a ƙasar Tailan, mai mutum fiye da 16,000, ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, aka yi murna. Da aka gyara shi aka maimaita a Afirka ta Kudu sai aka dakatar a 2020 don bai nuna amfani ba. Wasu biyu suka bi sahu a 2021 da 2023.

Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk sauye-sauyen hawainiya, akwai abin da ba ta iya sauyawa. In ƙayar ta sāke siffar inda take kama CD4, ta ɓata mabuɗinta da hannunta. Haka nan tsinin da kawunan uku suke haɗuwa, da bakin mashin, da gindin ƙotar kusa da fata. Waɗannan wurare kusan iri ɗaya ne ga kowace HIV a duniya, sai dai an binne su cikin rami, an kewaye da lifidi. An lura cewa cikin masu ɗauke da ƙwayar, kashi 10 zuwa 30 cikin 100, bayan shekara biyu zuwa huɗu ana wannan tsere, jikinsu yakan kai ga ƙera makarin da ke isa waɗannan wurare, wanda zai dakushe ƙwayoyi iri iri, har da na ƙasashen da mutumin bai taɓa zuwa ba. Shi nake kira makari mai faɗin kamu. Waɗanda nasu ya gawurta ƙwarai ba su wuce ɗaya cikin 100 ba. Abin tausayi, su kansu bai warkar da su ba, domin ƙwayar da ke jikinsu ta riga ta ɓuya cikin littafin gado, kuma ita ce ta farko da ta koyi kauce masa. Amfaninsa na wasu ne.

An samo 'yan kaɗan irinsa tun wajen 1994, a Kalifoniya da birnin Biyana, amma ba su da ƙarfi sosai. Sai a 2006 wata ƙungiya mai suna IAVI ta shiga tattara jinin mutum wajen 1,800 daga nahiyoyi dabam dabam tana tacewa. A 2009 aka ba da labarin makarai biyu, PG9 da PG16, daga jinin wani ɗan Afirka. A 2010 cibiyar binciken riga-kafi ta gwamnatin Amurka ta fito da VRC01, wanda a ɗakin bincike ya dakushe kusan tara cikin kowane goma na ire-iren ƙwayar da aka gwada, ta hanyar kwaikwayon CD4 ɗin kansa: ƙayar ta kama shi tana zaton ƙofa ce. A 2014 aka bayyana wani daga jinin wata mata a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, wadda ƙwayar ta kama ta sau biyu, iri biyu, har jikinta ya koyi abin da ya haɗa su. Ba mu san sunayen waɗannan bayin Allah ba, kuma daidai ne kada a sani, amma duniya tana riƙe da bashinsu.

Da aka duba ƙirar waɗannan makarai sai aka ga abin da ya sa suke da wuyar samu. Wasunsu suna da wani dogon yatsa a bakin gwafar, ninki biyu na wanda aka saba gani, da shi suke zira hannu tsakanin rassan sukari. Wasu kuma an yi ta gyaran bakinsu har kusan kashi ɗaya cikin uku na rubutun asali ya sauya, alhali makarin mura ko ƙyanda gyara kaɗan yake bukata. A nan akwai wani labari da zai yi wa mutanen ƙasar shanu daɗi. Saniya, bisa halittarta, tana da makarai masu yatsa mai tsawon gaske, wanda ya ninka na mutum sau uku ko huɗu. A 2017 aka ba da labarin cewa an sa wa maruƙa huɗu ƙayar HIV ta ƙirar hannu a jihar Texas, kuma dukansu suka haɗa makari mai faɗin kamu cikin wata biyu, abin da ke ɗaukar mutum shekaru. HIV ba ta kama shanu, kuma kada wani ya fita daga zauren nan ya ce na ce nono ko jinin sa magani ne. Abin da shanun suka koya mana shi ne lifidin yana ratsuwa in an samu yatsan da ya isa. Ita kanta ƙayar ƙirar hannu da aka sa musu, an kwafo ta ne daga ƙwayar da aka samu a jinin wani jariri a ƙasar Kenya, kuma sai a 2013 aka iya tsayar da ita cikakkiya har aka ga siffarta filla filla, shekara 30 bayan gano ƙwayar.

Yanzu mu komo kan kububuwa. Tun da an samu makarin, ana iya ƙera shi a ma'aikata a ba mutum aro kafin ƙwayar ta iso, watau a ajiye dogari a bakin ƙofa tun ɓarawo bai zo ba. An gwada wannan daga 2016, da mutum fiye da 4,600, cikinsu har da mata wajen 1,900 a ƙasashe bakwai na gabashi da kudancin Afirka. Ana yi musu ƙarin ruwa mai ɗauke da VRC01 bayan kowane mako takwas, har sau goma. Da sakamako ya fito a 2021, in aka haɗa kowa da kowa, bai rage kamuwa yadda za a dogara da shi ba. Amma da aka ware ƙwayoyin da suke jin wannan makari sosai, sai aka ga ya rage kamuwa da su da kashi 75 cikin 100. Matsalar ita ce irin waɗannan ba su wuce kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin da ke yawo cikin jama'a ba. A ganina wannan gwaji ya fi wasu da yawa da aka yi wa guɗa amfani, domin shi ne karo na farko da aka tabbatar a jikin ɗan Adam cewa makari yana hana HIV shiga, aka kuma san yawan da ake bukata. Darasin shi ne wanda aka riga aka koya game da ƙwayoyin magani a 1996: ɗaya ba ya isa, sai an haɗa biyu ko uku masu kama wurare dabam. An kuma yi wa ƙotar gwafar wani ɗan gyara wanda ya sa take daɗewa cikin jini watanni maimakon makonni.

Inda nake ganin wannan zai fi shafar mu shi ne jarirai. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ke kamuwa daga iyayensu mata, a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Uwa a ƙauyen da ke nesa da asibiti, wadda wataƙila ba ta ma faɗa wa mutanen gida halin da take ciki ba, ɗura wa jariri magani kullum safiya ba ƙaramin nauyi ba ne a kanta. Allura guda da za ta kāre shi wata uku, a yi masa ita ranar da aka kawo shi riga-kafin da aka saba, za ta sauƙaƙa abin ƙwarai. An gwada irin waɗannan makarai ga jarirai an ga jikinsu ya karɓa lafiya, amma ba a kai ga amincewa da su don amfanin jama'a ba. Kada kuma a rikita su da lenacapavir, allurar nan ta sau biyu a shekara wadda a 2024 aka ba da sakamakon gwada ta ga 'yan mata fiye da 2,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba. Ita magani ce, ba makari ba, kuma ba ƙaya take kamawa ba, ƙoƙon cikin ƙwayar take lalatawa.

Babban buri dai shi ne a koya wa jiki ya ƙera nasa. Dabarar da ake bi yanzu ta yi kama da karatun allo. Ƙwayoyin B da za su iya zama kakannin irin VRC01 'yan ƙalilan ne ƙwarai a jikin kowa, saboda haka allura ta farko aikinta kawai ta nemo su ta tashe su, ta biyu ta ɗora musu wani darasi, ta uku ta ƙara, har a kai su sauka. A watan Disamba na 2022 aka buga sakamakon mataki na farko: cikin mutum 36 da aka yi wa allurar, 35 sun nuna an tashi waɗannan kakanni. An maimaita irinsa a Ruwanda da Afirka ta Kudu. Wannan babbaƙu ne kawai, ko farfaru ba a gama ba. Duk wanda ya ce muku allurar riga-kafin ƙanjamau ta kusa shiga kasuwa, ku ce masa wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Ina namu rabon cikin wannan aiki? Binciken da gwamnatin tarayya ta yi gida gida a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, wajen mutum miliyan 1.9 in an haɗa da yara da tsofaffi, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya fi sauƙi. Wannan abin godiya ne, amma mu mutanen cin rani ne, samarin Tambuwal da Kebbe suna Ikko, suna Badun, suna Fatakwal, suna komowa gida da damina. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: HIV dangi dangi ce, kuma ƙayar wani dangi tana iya bambanta da ta wani da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ta Turai da Amurka dangin B ce, ta kudancin Afirka dangin C. Tamu kuwa yawanci dangin G ce, da wata barbarar yanyawa tsakanin A da G wadda samfurinta na farko daga Badun aka samo shi, har ana kiransa IbNG. Ga kuma HIV ta biyu, wadda aka ware a 1986, ita ma 'yar Afirka ta Yamma. Babban gwajin nan na VRC01 da na ambata, babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a cikinsa. Makarin da aka auna da ƙayar wasu ba lalle ne ya zauna daidai kan tamu ba, kamar yadda makarin dafin macijin Indiya ba ya yi wa wanda kububuwarmu ta sara aikin kirki, abin da likitocin Kaltungo suka sani sarai.

An so a fara gyara wannan. A 2023 aka kafa wata haɗaka ta masanan Afirka daga ƙasashe takwas, har da Nijeriya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Glenda Gray ta Afirka ta Kudu, da kuɗin Amurka dala miliyan 45, don gwada alluran da aka tsara a nahiyar nan. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, aikin ya tsaya ana gab da fara yi wa mutane allura. Ban ga laifin mai kuɗi in ya rufe aljihunsa ba. Amma ya ku ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi, tattara samfurin ƙwayar da ke yawo a jihohinmu, da adana shi cikin sanyi, da karanta rubutun ƙayarsa, aiki ne da asibitin koyarwa da jami'a za su iya, in an ba su wuta da kayan aiki da albashin mutum biyar ko shida da za su zauna kansa. Ya ku ɗalibai kuma, masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, ga fili nan ba a nome ba.

Saura in koma ga mai tambayata na Fakku, in ba shi abin da zai yi aiki da shi ranar awo. In tsinke ya nuna layi biyu ga baligi, a tabbatar da gwaji na biyu, sa'an nan a fara magani ba tare da jinkiri ba, domin makarin da aka gani bai kāre shi ba, maganin ne ke danne ƙwayar har ta kasa ganuwa cikin jini, kuma wanda ya kai haka ba ya sa wa abokin zamansa. In tsinke bai nuna kome ba ga wanda yake tsoron ya kamu cikin 'yan makonnin nan, a sake gwadawa bayan wata uku, domin jiki bai gama ƙera makarin da za a gani ba. Wannan ya shafi masu gwajin kafin aure, irin wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024. In kuwa jariri ne, a yi hattara ƙwarai. Uwa tana ba ɗanta aron makarinta ta mabiyiya, kuma yana iya zama cikin jininsa har wata 18, ko da ƙwayar ba ta taɓa shi ba. Tsinke zai nuna layi biyu, a ɗaga hankalin gida a banza. Irin wannan yaro sai a ɗiga jinin dundunensa a takardar da aka tanada, a aika ɗakin binciken da ke neman ƙwayar ita kanta, tun yana mako shida.

Ya shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.